Yoga da Ciwon Mara: Shawarwarin da Mata Suka Bayar

Mun zauna da wasu 'yan mata muna hirar ciwon mara na lokacin al'ada, sai zancen ya karkata kan yoga, motsa jikin nan da ya samo asali daga Indiya.

Wata da ta karanci aikin jinya ta fara bayani: sinadarin furostagilandin ne ke sa mahaifa murɗawa don ta fitar da jini, shi ya sa ciwon kan fi tsanani a kwana 2 na farko. Yoga ba ta hana murɗawar, amma tana sassauta tsokar mara da ta ƙugu, numfashi a tsanake kuma yana kwantar da jiki.

Zaman da aka fi yabawa shi ne ki durƙusa, ki zauna kan dugaduganki, ki kifa goshi ƙasa, matashin kai na tokare da cikinki. Ki ja numfashi har ki ji bayanki na buɗewa. Ni ma shi ya fi yi mini, musamman da kwalbar ruwan ɗumi a mara. Wasu sun fi son kwanciya rigingine su rungume gwiwoyi, ko su gantsare baya kamar kyanwa su saki.

Waɗanda suka daɗe suna yi sun nace cewa a saba tun kafin al'ada ta zo, kuma kada a matsa wa jiki.

Abin da na fi so 'yan uwa mata su riƙe: idan ciwon na hana ki zuwa makaranta, ko yana ƙaruwa wata bayan wata, ko jinin ya yi yawa, ki ga likita. Yana iya zama ƙari a mahaifa ko endometiriyosis, wato tsirowar nama irin na bangon cikin mahaifa a wajen mahaifar.