Annexion da Hausa, in gari ya shigo da ƙauye cikinsa me za mu ce?

Salamu alaikum jama'a, masu Hausa ku matso kusa. Kalmar nan ta Faransanci annexion, wato a ɗauko ƙauyen da ke bakin gari a sa shi ƙarƙashin meri da doka, wa ke da Hausarta? Kun san Gudel da Gamkalle da Saga da Lamorde duk ƙauyuka ne masu gonakinsu, yau ga su cikin arondisma 5 na Yamai, gadar Kennedy ta 1970 ita ta buɗe Harobanda, wato ƙetaren kogi, yanzu kuma gine-gine sun doshi Libore wadda take cikin jihar Tillaberi, to abu yana ta faruwa gabanmu amma sunansa sai da Faransanci.

Wani ya amsa: Mamaya mana, ai ita ake faɗi a labarai.

A'a ɗan'uwa, mamaya ta soja ce, ka ce meri ta mamaye Saga a rediyo ka gani in ba a kira ka ba. Haɗewa ma da wata ta kawo ban yarda da ita ba, haɗewa ta tsara da tsara ce, nan kuwa babba ne ke ɗaukar ƙarami kuma sunan babban ne ke zama.

Wani dattijo daga Tawa: Ɗana, mu nan tun da munka tashi cewa mukai gari ya ci ƙauye. Mi ad dalilin neman wata?

Baba Allah shi ƙara girma, maganarka dutse ce, sai dai abu biyu ne. Gari yana cin ƙauye tun ba a sa hannu ga takarda ko ɗaya ba, mai gona ya saida, jeyometir mai awon fili ya zo ya kafa born, alamar iyaka, a yi lotisma wato a yanka fili, gonar hatsi ta koma parsel parsel, mutum ya gina ɗaki ba ruwan pampo ba kuran ba gudron, kullum yana shiga Yamai aiki amma harajinsa wata komin yake zuwa. Wannan shi ne cin. Ita kuwa annexion aikin hukuma ne, ranar da doka ta matsar da iyaka, maigari ya koma mai unguwa, haraji da shara da takardar fili duk su dawo wuyan magajin gari. In mun kira su da suna guda to ranar da rigima ta tashi ba a san wa za a tambaya ba.

Wata malamar lakwal: To cin iyaka fa?

Hajiya wannan ƙara ce gaban alƙali, manomi in ya ji cin iyaka sanda yake nema. Amma kin kawo mu kusa, ƙarin iyaka. Ƙarin iyakar gari. An yi wa Yamai ƙarin iyaka, an mayar da ƙauye kaza unguwa, ko tsohuwa ta ji ta gane.

Dattijon Tawa: Ta yi. Saura wancan tsarin nasu na schéma directeur.

Shi kuwa na so mu ce tsarin goben gari, tunda aikinsa a zana inda hanya da kasuwa da asibiti da maƙabarta za su zamna kafin mutane su iso, ba bayan sun gina ba. Ban ce tsarin dogon zango ba, don kalmar nan da ake sawa ko'ina mun gaji da ita wallahi. Kuma zanawa daban tsarewa daban, dubi ceinture verte ta bakin Yamai da aka fara dasawa a 1965, itatuwan bedi don su tare iska da ƙura, parsel sun cinye wuri mai yawa a ciki. Kai ita ma fa ba ta da Hausa, ɗamarar itatuwa ko gandun bakin gari? wannan ku kawo taku, ni dai gandun ya fi mini daɗin faɗi.