Jaridar ɗalibai: hotuna na fitowa baƙi ƙirin, ƙugiyar haruffa na ɓacewa

Ɗalibi daga unguwar Zariya, Maraɗi:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta ɗalibai na shirya jarida mai shafi 8, Hausa da Faransanci, za a buga ta a injin fotokofi kan takardar A3 a ninke. A gwajin farko fuskokin mutane sun fito baƙi ƙirin, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ sun koma ƙananan akwatuna, shafi na 2 kuma ya faɗo inda na 8 ya kamata ya zauna. Don Allah masana a taimaka mana.

Mai ɗab'i, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Mu fara da shafuka. Takardar A3 guda shafi 4 take bayarwa, don haka jaridarku ta zama 4, 8 ko 12, ban da 6 ko 10. Shafi 8 takarda biyu ke nan. Ta farko: shafi na 8 da na 1 a fuska ɗaya, 2 da 7 a bayanta. Ta ciki: 6 da 3, bayanta 4 da 5. Kowane biyun in ka haɗa su 9 za su ba ka. In ba su ba da 9 ba, an yi kuskure. Ku bar santimita 1 ko fiye a kowane gefe, injin ba ya bugawa har bakin takarda.

Akwatunan nan kuwa, salon rubutun da kuka zaɓa ne ba shi da haruffanmu, ko kuma babu shi a kwamfutar shagon. Ku ɗauki Charis SIL ko Noto Serif, kyauta ne, ƙugiya duk tana ciki. Kada ku kai fayil ɗin Word shago, layuka za su goce. Ku mayar da shi PDF da salon rubutun a cikinsa, ku sa a kile, wato 'yar ma'ajiyar USB.

Mai hoto, unguwar Ali Ɗan Sofo:
Matsalar hoto tun wurin ɗauka take farawa. Rana tsaka a Maraɗi, mutum sanye da farar riga da hula: wayar za ta auna hasken rigar, ta bar fuskar cikin duhu, fotokofi kuma ya ƙara mata baƙi. Ku kai shi inuwar bedi ko bakin baranda, hasken ya zo masa ta gaba, ku taɓa fuskarsa a allon wayar kafin ku danna. In dole sai a rana, kafin ƙarfe 9 na safe ko bayan la'asar. Lokacin hunturu ku riƙa goge gilashin kamarar, ƙura ce ke sa hoto ya yi hazo.

Sai turawa. WhatsApp na matse hoto ya koma fiksel (ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto) 1600 ko kusa da haka a dogon gefensa. Hoto mai faɗin santimita 10 yana son fiksel 1180 a ma'aunin 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, don haka ƙarami zai wuce, amma na shafin farko mai santimita 19, musamman in an yanke gefensa, zai farfashe. A turo shi a matsayin fayil, ko ta waya da kebul. Ku mayar da shi baƙi da fari da kanku, ku ɗaga hasken tsakiya, wato na wuraren da ke tsakanin baƙi da fari, har sai ya yi kamar ya ɗan koɗe a allo. A takarda zai dawo daidai. Ku buga shafi ɗaya a injin da zai yi aikin kafin a buga sauran.

Malama mai gyaran rubutu:
Ɗana, abin da ba ka tambaya ba shi ya fi damuna: sunaye. Ousmane a shafin Faransanci, Usman a na Hausa, babu laifi, amma kada su haɗu cikin labari ɗaya. Mai rahoto ya sa mutum ya rubuta sunansa da muƙaminsa da hannunsa. Ƙarƙashin kowane hoto a jera sunaye daga hagu zuwa dama, da wuri, da wanda ya ɗauka. Yaran firamare kuma kada a buga fuskarsu sai da yardar iyaye.

Shafin A4 mai layi uku a tsaye, harafi mai girman 10, da kanu da hoto guda, kalma 500 ko kusa yake ɗauka. Ku gaya wa marubuta tun kafin su fara. In labari ya yi tsawo a yanke daga ƙasa, kada a ƙanƙantar da harafi zuwa 8 don ya shiga. Shi ya sa wa, me, ina da yaushe suke sakin layi na farko. Karatun ƙarshe a takarda, kuma wanda bai rubuta labarin ba ya yi shi.

Ɗalibi daga Zariya, Maraɗi:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam mai ɗab'i, takarda mai giram 80 za ta isa a buga gaba da baya, ko hoton zai leƙo ta ɗaya fuskar?

Mai ɗab'i, Sabon Gari:
Za ta isa. Kawai kada ku sa baƙin fili mai faɗi a bayan shafin da rubutu ya cika.