Wai meye bambancin doka da umarni da dikiri?

Ɗan Kurna:
Salam jama'a, yarona ne ya zo da aikin gida wai ya faɗi ma'anar dikiri, na ce masa doka ce kawai ya rubuta, malamin ya ja masa jan biro. Ni dai ban ga laifina ba, ba duk abu ɗaya bane?

Baban Ilham:
Wslm. Malamin na da gaskiya fa. Doka sai ta bi ta majalisa, tana kuduri a yi mata karatu uku sannan shugaban ƙasa ya sa hannu. Dikiri kuwa na soja ne, su zauna a majalisar ƙolinsu su rubuta shikenan gobe ya fara aiki, shi ya sa rediyo ke cewa dokar soja. Mu da muka ga 1984 mun san dokar soja ta huɗu ta zamanin Buhari, da ita aka ɗaure 'yan jarida biyu na Guardian.

Ɗan Maraɗi:
Mu nan Nijar ma tun juyin mulkin 2023 haka ake, ba majalisar dokoki sai dai ka ji an karanto a telebijin da dare.

Hajiya Mai Atamfa:
Umarni kam kowa ma na bayarwa, ni ma ina ba yarana hhh. Oda ce daga na sama, gwamna ya ce a rufe kasuwa ran kaza, ba sai majalisa ta zauna ba.

Ɗan Kurna:
Nagode Baba, Allah ya ƙara girma. Yaron dai tun jiya yake min dariya.