Huluna shida a taron minti 90: wa ya taɓa gwadawa?

Ummu Safiya: Salamu alaikum. Mu tara ne a sashenmu, kuma ranar Laraba za mu zauna mu yanke ko mu ci gaba da wani aiki da muka shekara biyu muna fama da shi, ko mu naɗe tabarmarsa. Minti 90 aka ba ni, kuma shugabanmu zai zauna. Damuwata mutum biyu ne ke cinye kowane taro, sauran sai gyaɗa kai, in an fito kuma a tsaya bakin ƙofa ana gunaguni. Wata ta ba ni shawarar tsarin huluna shida na Edward de Bono. Zai yiwu da mutum tara a wannan lokacin? Kuma in roƙi shugaba ya ba mu wuri, ko a yi da shi?

Malam Ɗanjuma: Wa alaikumus salam Hajiya. Na sha yi. De Bono ɗan ƙasar Malta ne, a 1985 ya fito da tsarin. Hulunan ba na gaske ba ne, kowace tana nufin wani salon tunani. Farar hula ita ce abin da aka sani da hujja, ja abin da zuciya ta ji ba sai an kawo dalili ba, baƙa haɗari, rawaya amfani, koriya sababbin dabaru, shuɗiya kuma ta mai jan ragamar taron. Inda mutane ke kuskure, sai su raba wa kowa hularsa. Ba haka ba ne. Duk ɗakin hula ɗaya ake sawa a lokaci guda, sannan a sauya tare. Ta haka mai yawan suka dole ya nemo alheri in an zo rawaya.

Abu Haidar: Ku fita daga ofis ku yi kwana biyu a wani wuri shiru. Mu haka muka yi.

Ummu Safiya: Minti 90 na ce, ɗan'uwa.

Baban Iman: Kai ɗaya, hula shida. Mu a wurinmu akwai wanda da baƙar hula aka haife shi, ko barka da asuba ka ce masa sai ya nuna maka illarta.

Tsohon Ma'aji: Hajiya, kada ki yarda a sa jar hular nan shugaba yana zaune. Ni ta ci ni. An kawo mana wani mai horaswa, ya liƙa takardu masu launi a bango, ya ce a jar hula kowa ya faɗi abin da ke ransa, ba tambaya, ba riƙo. Da aka zo kaina na ce ni dai aikin nan yana ba ni tsoro, kuma ina jin kamar an riga an yanke hukunci kafin a tara mu. Jimla biyu kacal. Har yau ina ganin yadda shugaba ya rufe murfin bironsa a hankali ya yi murmushi ya ce, madalla, irin gaskiyar da muke so ke nan. Bayan wata huɗu aka miƙo mini takardar auna aiki ta ƙarshen shekara, an rubuta ba ni da haɗin kai, ina sanyaya gwiwar abokan aiki. Ƙarin girman da nake jira aka ba wanda ya ce shi zuciyarsa cike take da farin ciki. Aikin kuwa ya rushe kamar yadda na ji tsoro, amma ba wanda ya dawo ya ce mini ashe gaskiyarka. Shi mai horaswa ya kwashe takardunsa ya tafi, ni aka bari da jangwam.

Maman Khalil: Allah sarki Baba. Allah ya saka maka.

Malam Ɗanjuma: Abin ba daɗi, amma wannan laifin shugabanku ne, ba laifin tsari ba.

Tsohon Ma'aji: Tsarin ne ya sa na buɗe baki, Malam. Da taron da muka saba ne da na yi shiru na tsira da mutuncina.

Ɗalibin Ilimi: Ni ina ganin a duba bincike. Tun 1958 aka gwada a jami'ar Yale, aka ga mutanen da suka yi tunani kowa shi kaɗai aka haɗa abin da suka kawo sun fi waɗanda suka zauna tare yawan dabaru. A 1987 wasu masu bincike, Diehl da Stroebe, suka nuna babban dalilin: mutum ɗaya ke magana a lokaci guda, kafin layi ya zo kanka ka manta abin da za ka ce ko ka raina shi. Shi ya sa na fi son tsarin 6-3-5 na Bernd Rohrbach. Mutum shida, kowa ya rubuta dabara uku cikin minti biyar, ya miƙa takardar ga na kusa. Zagaye shida, rabin awa, dabaru 108.

Maman Khalil: Ta ce su tara ne fa. Sauran ukun su riƙe jaka? Kuma ba dabaru 108 take nema ba, eh ko a'a za su yanke.

Tsohon Ma'aji: Yaro, taro nawa ka taɓa jagoranta?

Ɗalibin Ilimi: Baba, da girmanka, labarin mutum ɗaya ba ya rushe bincike.

Tsohon Ma'aji: Su masu binciken an taɓa hana su ƙarin girma?

Abu Haidar: A ganina ba a yin tsarin hulunan nan sai da ƙwararre mai takardar shaida, kuma ba su da araha. Wanda muka ɗauka sai da ya lashe rabin kasafin horaswarmu na shekara.

Malam Ɗanjuma: Ko sisi ban taɓa kashewa ba. Allo da alƙalamin rubutu a allo da agogon waya. Minti biyar kowace hula, ja kuma rabin minti ga kowa, rabin awa da ɗoriya an tashi.

Maman Khalil: Minti biyar ina? Mu baƙar hula kaɗai ta ci minti 40, da aka zo koriya kowa ya gaji, ɗaya har yana gyangyaɗi. Abin da ya yi mana aiki daga baya shi ne jar hula a rubuce, ba suna, a ninke a jefa cikin kwali. Amma a yi da biro iri ɗaya, don mu da kalar tawada aka gane wata.

Baban Iman: To mata kuma ɗankwali shida za a tanada ko yaya?

Hassan A.: Ni ba hular ce ke ci mini rai ba. Ka kawo dabara a koriyar hula, a rubuta ta a allo ba sunanka, wai ta kowa ce. Bayan mako biyu ka ji ta a bakin mataimakin shugaba gaban manya, yana cewa "na yi tunani".

Maman Khalil: Kai, wannan kam! Sau biyu ana yi mini. Yanzu kafin in shiga taro sai na tura wa kaina imel da kwanan wata.

Ummu Safiya: Na gode duka. Amma har yanzu ban ji ba: in ce wa shugaba ya fita, ko ya zauna?

Malam Ɗanjuma: Ya zauna, amma ki riƙe shuɗiyar da kanki, kuma shi ya riƙa magana a ƙarshe.

Tsohon Ma'aji: Ya fita.

Hassan A.: Maman Khalil, imel ɗin ya taɓa yi miki amfani kuwa? Ni na nuna nawa, aka ce ina da son a sani.