Neman shawara: an ce mu kawo tsarin shekara biyar, mu kuma ko mitin ba ma cikawa

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka taɓa riƙe ƙungiya, ku yi haƙuri zancen da ɗan tsawo. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar matasa, duk 'yan sa kai ne ba mai albashi a cikinmu, shekararmu huɗu kenan. Mu tara muka fara, da lesin ɗin yara kyauta da yamma, karatu da lissafi. Yanzu a rajista mu 64 ne amma ranar mitin in an samu 15 to an cika wlh. Daga lesin muka ƙara shara, sai dashen itace, sai ziyarar asibiti, sai wayar da kai kan shaye-shaye, kwanan nan kuma wai koyar da kwamfuta alhali kwamfuta ɗaya gare mu ita ma ta aro ce, duk wanda ya zo da ra'ayi sai a ce toh a yi don kar ransa ya ɓaci ya tafi. Lesin ɗin da aka san mu da shi wata uku kenan ba a yi ba.

Ga kuma ciyaman ɗinmu, shi ya kafa ƙungiyar, nan da wata shida zai tafi ƙaro karatu, kuma komai a kansa yake da wayarsa. Ana cikin haka wata cibiya mai ba da tallafi ta ce za ta iya duba mu amma sai mun kawo tsarin aikinmu na shekara biyar a rubuce. Wani ɗan kwamiti ya sauko da na wata ƙungiya daga intanet, shafi 40, ya canza suna ya ce mu miƙa kawai. Ni hankalina bai kwanta ba. Ta ina ake farawa? Waye ya kamata ya rubuta? Kuma anya abin na da amfani ga irinmu, ko aikin manyan ƙungiyoyi ne masu ofis?

Wani tsohon ma'aji:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Wannan shafi 40 ɗin ki ajiye shi gefe, tambaya biyu za a yi muku a kansa asiri ya tonu. Kafin ki rubuta komai ki yi lissafin da kusan ba wanda ke yi, wato awa nawa kuke da su. Mai kamfani da kuɗi yake tsari, ku jarinku lokacin mutane ne, kuma lokacin nan kyauta aka ba ku ana iya janyewa gobe. Ki manta da 64 ɗin nan, wannan jerin sunaye ne kawai. Ki bi 15 ɗin ɗaya bayan ɗaya, ke da mutum ba a gaban jama'a ba don a gaban jama'a kowa jarumi ne, ki ce tsakani da Allah awa nawa za ka iya ba mu a sati har lokacin jarabawa da lokacin da aiki ya yi maka yawa. A ce kowa ya ce uku, 45 kenan. Yanzu lesin, kwana uku a sati, awa biyu-biyu, malamai huɗu, 24 ta tafi, ba a sa shirya darasi da zuwa da dawowa ba, ba a sa mitin ba, wanda shi kaɗai in mutum 15 suka zauna awa ɗaya ya cinye 15. Kin ga saura 6. A cikin 6 ɗin nan kuke son cusa ayyuka biyar, shi ya sa lesin ya mutu ba wai don mutanenku malalata bane.
Batun shekara biyar kuma, ƙungiyar matasa a shekara biyar kusan an yi sabon zubi, wasu sun yi aure wasu aiki ya ɗauke su. Ni dai uku nake ba da shawara, shekarar farko dalla-dalla, sauran biyun a ɗan nuna inda aka dosa. Shafi uku zuwa huɗu ya isa.

Wata Anti da ta daɗe tana horar da 'yan sa kai:
'Yata sannu da ƙoƙari, kin yi daidai da ba ki miƙa na aro ba. Lissafin Malam ma'aji ya yi, sai dai ni zan fara da wani wuri. Akwai wani masanin gudanarwa Peter Drucker, haifaffen Ostiriya da ya zauna a Amurka, ya yi aiki sosai da ƙungiyoyin da ba na neman riba ba, ya taƙaita abin a tambaya biyar: mene ne manufarmu, wa muke yi wa aiki, shi wanda muke yi wa aikin me ya ɗauka da muhimmanci, wane sakamako muka samu, sannan a ƙarshe mene ne tsarinmu. Ki lura tsari ne na ƙarshe, ku kuma an sa ku fara da shi. Ta ukun nan ita ce mai wuya don ba a ɗakin mitin ake amsa ta ba, sai kun taka kun je wurin yaran da iyayensu kun tambaya me ya amfane su, me ya sa wasu suka daina zuwa tun kafin ku tsaya. Kuma ku kira ko mutum goma cikin membobin da suka ɓace ku ji dalili, ba da faɗa ba, za ki ji abin da ba ki taɓa zato ba, wani cewa zai yi wata shida yana zuwa ba a taɓa ba shi wani aiki ba sai tafi.
Sannan ku ware yini ɗaya, ku samo wani daga waje da ba shi da ɓangare ya jagoranci zaman, kar ciyaman ya jagoranta don in yana gaba ba mai iya cewa abin da ya kawo bai yi ba. A nan ake yin abin da ake kira SWOT, a raba allo huɗu: ƙarfinmu, rauninmu, damar da ke waje, barazanar da ke waje. Amma na sha ganin an cika allo an ɗau hoto an watse shikenan. In ba a fitar da hukunci daga ciki ba, kaza za mu riƙe kaza za mu bari, ɓata alli aka yi.
Wajen rubuta buri kuma a guji irin "za mu inganta ilimin matasa", wa zai iya cewa an yi ko ba a yi ba? Wani George Doran ya fitar da ma'aunin da ake ce wa SMART a 1981, ma'anarsa dai buri ya zama takamaimai, mai aunuwa, mai yiwuwa, da wa'adi, kuma a yadda shi ya rubuta har da sanin wa zai yi. Misali, yara 30 su riƙa zuwa lesin kwana uku a sati, a gwada karatunsu a farko a sake gwadawa bayan wata shida, wance ce mai kula.

Wani ɗan uwa:
Ni fa ku gafarce ni, duk wannan rubuce-rubucen ban yarda da shi ba. Mun yi namu har da bango mai sheƙi, yana can cikin durowa ƙura ta rufe shi. Matsalarku ba takarda bace 'yar uwa, aikin kowa da kowa kuke yi, shi kuma ba mai yinsa. Wani injiniyan noma a Faransa, Ringelmann, ya gwada jan igiya ya wallafa a 1913, ya ga yadda ake ƙara mutane haka ƙarfin da kowa ke sawa ke raguwa, in sun kai takwas kusan rabin ƙarfinsa kowa ke bayarwa. Haka guruf ɗin WhatsApp mai mutum 64 yake, a ce gobe akwai shara kowa ya turo babban yatsa ya kwanta yana cewa ai wasu za su je. Ki duba 'yan Sikawut, da wanda ya kafa ƙungiyar, Baden-Powell, ya yi sansaninsa na farko a tsibirin Brownsea a Ingila a 1907 yara wajen 20 ne kacal amma sai da ya raba su gida huɗu, kowane gida da shugabansa cikin yaran. Ku rabu biyar-biyar ko shida-shida, kowane rukuni da aikinsa, wanda bai zo ba a san bai zo ba. Wannan ya fi min shafi ɗari.

Anti:
Ɗana ai ba mu saɓa ba, abin da ka faɗa ɗin shi ma tsari ne, kawai ba ka so a rubuta ne. Naku da ya kwanta a durowa, mutum nawa suka zauna aka yi shi? In mutum ɗaya ya rubuta a ɗakinsa dole ya kwanta. Eisenhower ma da ya jagoranci yaƙi ya zo ya mulki Amurka, a 1957 ya ce ita takardar tsari ba ta da wani amfani, zaman tsarawar shi ne komai.

Ɗan uwan:
Mutum biyu ne Anti, kuma ɗayan ni ne, na karɓi wannan.

Wata 'yar uwa:
Ba wanda ya taɓo maganar masu tallafin. Ki binciki me suke ba da kuɗi a kai tukuna. In su harkar muhalli suka sa gaba ku kuma ƙarfinku lesin ne, za ku tsinci kanku kuna lanƙwasa ƙungiya don ta shiga aljihunsu, kuma kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, rahoto duk wata uku, rasit na kowane abu, hotuna, duk a cikin awa 45 ɗin nan za su fito. Mu da kuɗi ya shigo mana faɗa ya fara, waɗanda shekara biyu suna aiki kyauta suka fara tambayar nasu kason. Ku rubuta naku na gaskiya, in sun ce lallai biyar sai ku nuna musu uku a tsare biyu a hange, ku faɗi dalili, mai hankali zai fi yarda da wannan.

Wani:
Kar dai a tsoratar da ita ta ƙi kuɗi, alli da littafi ba da fatar baki ake samunsu ba. A karɓa, amma a fara gyara gida, asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu ko uku masu sa hannu, ba asusun ciyaman ba.

Tsohon ma'aji:
Yawwa ka tuna min. Ƙanwata wata shidan nan ya fi damuna a kan tallafin, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ki buɗe fayil ɗaya, ko a Google Drive ne, a zuba lambobin duk wanda kuke hulɗa da shi, kalmar sirrin imel da shafukanku, takardun rajista, wa ya ba ku aron aji kuma da wane sharaɗi. A zaɓi magaji nan da wata biyu su yi wata huɗu tare, duk inda ciyaman zai je ya tafi da shi ya gabatar da shi. Ku sa wa'adin shugabanci a rubuce, ƙungiyar matasa ta duniya da ake kira JCI (Junior Chamber International) shekara ɗaya take ba shugabanninta, ba dole ku bi nasu ba biyu ma ta yi, amma a san ana sauka. Ki lallaɓa shi fa wajen faɗa, mutum ya kafa abu da guminsa in ba a iya magana ba sai ya ga kamar korarsa ake tun bai tafi ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na dawo da rahoto. Na yi kiran da Baba ma'aji ya ce, ashe ma 11 ne masu tabbas ba 15 ba, awa 38 gaba ɗaya, ni kaina da na zauna na ga biyar nake iyawa ba goman da nake faɗa ba. Ciyaman ya karɓi maganar fayil ba musu har ya ce dama abin na damunsa. Inda aka samu cikas shi ne da na ce a koma lesin a dakata da sauran, mai kula da dashen itace ya ce in aka bari shi ma ya bar ƙungiya, kuma yana cikin masu ƙoƙari, mutum uku na bayansa. Ya zan yi da shi?

Anti:
Kar ki ce masa an soke, kuma kar ke ki yanke, ki bari sai ranar zaman kowa ya ga awa 38 ɗin a allo da idonsa. Dashen itace ba kamar lesin bane da ke son kowane sati, ana iya mai da shi sau ɗaya a shekara lokacin da ya dace da shuka, shi ne shugaba, da sharaɗin su huɗun su ɗau nauyin ban ruwa da kula da abin da suka dasa kuma kowannensu ya riƙe aji ɗaya a sati. Ki tambaye shi ma cikin waɗanda aka dasa bara guda nawa suka rayu, in ya san adadin to da gaske yake ki riƙe shi da kyau. Ziyarar asibiti da kwamfuta ku rubuta su a shafin baya ƙarƙashin "ba bana ba", ku sa ranar da za a sake duba su. Ki turo min daftarin ta inbos kafin ku kai wa masu tallafin in duba miki.