Wai me ya sa kotun ƙoli ta New York ba ita ce ƙoli ba?

Dan_Kurmi:
Salam 'yan uwa, don Allah masu ilimin shari'a ku warware min wani abu da ya daɗe yana ɗaure min kai. Lokacin da aka samu Trump da laifuka 34 a watan Mayun 2024 na ji ana cewa kotun ƙoli ta New York ce ta yi shari'ar, amma kuma sai ga lauyoyinsa suna cewa za su ɗaukaka ƙara, to ina kuma za a je bayan ƙoli? Sannan da ya dawo mulki me ya hana shi yafe wa kansa tunda ya yafe wa mutane da yawa? Ni fa a sanina kotun ƙoli guda ɗaya ce a ƙasa, irin tamu ta Abuja.

Lauyan_Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Sunan ne ya ruɗe ka malam, kuma ba kai kaɗai ba. A jihar New York kotun da ke ɗauke da wannan suna ita ce ta farko da ake fara shigar da manyan ƙararraki, wadda take saman kowa a jihar tana Albany kuma sunanta kotun ɗaukaka ƙara, kamar dai an juya tulu baki ƙasa. Amurka tsani biyu gare su, kowace jiha da nata kotunan da dokokinta, sai kuma na tarayya mai kotunan gunduma 94 da na ɗaukaka ƙara 13 da kotun ƙoli mai alƙalai 9 a Washington. In maganar dokar jiha ce zalla to a jihar take ƙarewa, waɗancan taran ba su da hurumi sai in tsarin mulki ko dokar tarayya ta shigo ciki. Shi ya sa ba zai iya yafe wa kansa ba, shugaban ƙasa laifin tarayya kawai yake yafewa, wannan kuwa dokar New York ce. Texas ma kotunan ƙoli biyu ne da su, ɗaya ta laifuka ɗaya ta sauran rigingimu.

Mu a Najeriya mun kwaso rabi ne muka bar rabi. A ƙasa akwai babbar kotun jiha da babbar kotun tarayya da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'ar Musulunci da kotun ma'aikata, amma duk sai su haɗu a kotun ɗaukaka ƙara, daga nan yawanci sai kotun ƙoli ta Abuja. Rigimar tana wajen wa ke da hurumin me, ka tuna rikicin sarautar Kano a 2024 da kotun tarayya ta ba da oda, kotun jiha ma ta ba da tata, 'yan sanda suka rasa wadda za su bi? A Janairun 2025 kotun ɗaukaka ƙara ta ce maganar sarauta ba hurumin kotun tarayya ba ce, sashe na 251 na kundin tsarin mulki ya lissafa abin da take ji kuma babu sarauta a ciki.

Yar_Damagaram:
Mu nan Nijar tsarin Faransa muka gada, ba ruwanmu da jiha ko tarayya. Abin da ake dubawa shi ne da wa kake rigima, in kai da maƙwabcinka ne ko an yi sata hanya daban, in gwamnati ce ta kore ka aiki ba bisa ƙa'ida ba to alƙalan harkokin mulki ne. A Faransa har wata kotu suka kafa don raba gardama in kotunan gama-gari da na harkokin mulki suka saɓa kan wa zai ji ƙara. Bayan juyin mulkin 2023 dai sojoji sun kafa babbar kotun ƙasa da ake kira Cour d'Etat, ita ce ma ta cire wa Bazoum rigar kariya a Yunin 2024. Kuma ba mu da kotun shari'ar Musulunci irin taku, gado da aure da gona yawanci wajen sarki ko mai gari ake fara sasantawa, in abin ya kai gaban alƙali sai ya zauna da masana al'ada a gefensa.

Dan_Kurmi:
Kai jama'a, ashe tulun ne a kife. To Lauya in mutum ya kai ƙara inda ba hurumi fa, sai a tura shi inda ya dace?

Lauyan_Gwammaja:
Wani lokaci ana turawa, amma in an riga an yanke hukunci to duk ya rushe komai kyansa, ko da kuwa an yi shekara goma ana zarya. Shi ya sa za ka ga lauya tun bai gama gyara rigarsa ba ya miƙe yana ƙalubalantar hurumi, mutane su ce ɓata lokaci yake, wani sa'in kuma gaskiya ɓata lokacin ne wlh.