Abin da muka tattaro kan yadda ɗan jam'iyya zai samu bakin magana

Tunda aka rushe jam'iyyu a Nijar a watan Maris 2025, hira ta koma kan in an sake buɗe siyasa yaya za a yi. To jiya a fada nan Maradi an daɗe kan maganar, ga abin da mutane suka fi tsayawa kai.

Kuɗi ne aka fi ja. Kusan kowa ya yarda muddin Alhaji ɗaya ke biyan haya ta biro da mai na motoci da rigunan kamfe, to jam'iyyar tashi ce, kai naka tafi kawai. Shawara ita ce kowane mamba ya yanki kati ya dinga zuba wani abu duk wata ko dala ashirin ce, ma'aji kuma ya karanto lissafi gaban jama'a. Wani dattijo ya ce talaka ba zai biya ba, amma ai muna zubin adashi ba mu fashi.

Sai 'yan takara. Lista ta depite da ta kansila a daina rubuto ta daga Yamai, kartiye da ƙauye su zaɓa da ƙuri'ar asiri, don ɗaga hannu gaban mai kuɗi wallahi tsoro ne ke zaɓe. Mata da samari su ma a ba su kujera mai yanke hukunci.

An kuma tuno rabuwar da aka yi cikin jam'iyyar CDS Rahama da ta MNSD Nassara, manya suka yi ta kai juna kotu, na ƙasa sai a rediyo suke ji. Shi ya sa aka ce shugaban jam'iyya wa'adi 2 ya ishe shi, kongire, wato babban taron jam'iyya, kuma a yi shi kan lokaci.